Waiwaye: Hasumiyar Fitilar Legas da Mashigar da Ta Buɗe wa Gyaɗar Kano Hanya

Hausawan Agege, Idi-Araba da Mile 12 sun san Apapa ciki da bai, wasu direbobin tirela ne, wasu 'yan dako, wasu masu fiton kaya. Amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tsallakawa Tarkwa Bay su ga tsohuwar hasumiyar fitilar da ke gadin mashigar Legas tun farkon shekarun 1890. Babu titin da ke kai mutum can, sai kwale-kwale mai inji daga Marina ko ɓangaren Victoria Island.

Tun kafin Turawan Ingila su yi wa Legas ruwan wuta a 1851 su kori Oba Kosoko, har bayan 1861 da Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garin, babbar matsalar Ikko, wato Legas, ita ce bakin ƙofarta. A daidai inda ruwan lagun, wato tafkin da ke kewaye da tsibirin Legas, ke haɗuwa da teku akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, wanda ba ya zama wuri ɗaya. Igiyar ruwa kan karye a kansa da ƙarfi, jirage sun sha kifewa, mutane sun sha halaka. Manyan jirage ba sa iya shigowa. Sai su yi anga can cikin teku, a riƙa sauke kaya da fasinja cikin ƙananan jirage, wani lokaci ma a wuce da kayan Legas har tashar Forcados da ke yankin Neja Delta a juye su a can a dawo da su. Kowane juyi kuɗi ne, kuma a kan farashin kayan yake ƙarewa.

A wannan hali aka gina hasumiyar a yammacin mashigar. Gaɓar tekun nan shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba tsauni, ga hazon hunturu da ke rufe ido. Matuƙin da ya taso daga Akara da dare ba shi da abin da zai gane Legas da shi sai wannan haske. Sai dai fitila tana nuna ƙofa ne kawai, ba ta buɗe ta.

Abin da ya buɗe ta shi ne aikin da aka soma wajajen 1907: dogayen katangun duwatsu da aka miƙa cikin teku, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma, don su matse ruwan ya riƙa wanke yashin da kansa, ana kuma haɗawa da yasa. A jirgin ƙasa aka riƙa kwaso duwatsun daga Aro kusa da Abeokuta. Ranar 1 ga Fabrairun 1914, wata guda cif bayan haɗe Arewa da Kudu, jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya ratsa mashigar ya shigo har cikin tashar.

A nan tarihin ya zama namu. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai, manoman ƙasar Kano kuwa suka ga gyaɗa ta fi riba, fatake suka shiga ƙauyuka suna saye. Buhunan da aka jera suka zama dala a Kano, da fatu da ƙiraga, da kuzar Jos, mai yawa daga ciki ta Legas ya bi. Da aka kammala matsayan jirage na farko a Apapa a 1926, sai wagunu suka riƙa zuwa har gindin jirgin ruwa. Ina ganin rashin adalci ne a riƙa ba da labarin dalar gyaɗa a tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Kano, alhali ba don wannan mashiga ba da dalar ba ta yi tsayin da ta yi ba.

Katangun sun zo da nasu hasarar. Ruwan gaɓar nan yana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Da katangar yamma ta tare hanya, yashin ya taru a gefen hasumiyar, ƙasa ta yi ta ƙaruwa, har hasumiyar ta koma can baya cikin itatuwa, wanda ke tsaye a bakin ruwa da ƙyar yake hango kanta. Gefen gabas kuma ya rasa abin da ke cike masa gurbi, teku ta shiga cin Bar Beach, gaɓar Victoria Island, shekara da shekaru. Waɗanda suka yi aiki a Victoria Island sun tuna yadda ruwa kan haye titin Ahmadu Bello idan teku ta fusata. An yi ta zuba yashi yana tafiya, kafin a zo ga katangar duwatsun da ke kare sabuwar unguwar Eko Atlantic yau. Bar Beach ɗin da ake zuwa shan iska ranar Sallah babu shi kuma.

Hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Najeriya ta fara aiki a 1955, aka buɗe tashar Tin Can a 1977 bayan cunkoson jiragen siminti na 1975. Matuƙa yanzu da na'urorin tauraron ɗan'adam suke gane hanya, manyan jiragen kwantena kuma sun fara karkata zuwa sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a 2023.

Abin da ke damuna shi ne yankin da hasumiyar take ya zama wurin da ake jin labarinsa kawai idan an yi rikici. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay bisa zargin fasa bututun mai da ke bi ta ma'ajiyar mai ta Atlas Cove, iyalai da yawa suka kwana a titi da 'yan komatsansu. A Akara, hasumiyar Jamestown da ke kusa da tsohuwar ganuwar James Fort tana cikin wuraren da ake kai baƙo. Tamu ta cancanci a yi mata hanya mai kyau daga bakin ruwa, a sa allon tarihinta, makarantun Agege da Obalende su riƙa kai ɗalibai su ga inda amfanin gonar kakanninsu ya bi ya fita ƙasashen waje.