Shuɗin allon Landan: me ya sa mai kiɗan titi ke shan wuya kafin ya samu?

Wanda ya zaga Landan zai ga wasu alluna masu zagaye, shuɗaye, manne a bangon gidaje, ɗauke da sunan wani mashahuri da ya taɓa zama a wurin. Tsarin ya faro a 1866, kuma tun 1986 hukumar English Heritage, mai kula da wuraren tarihi a Ingila, ce ke riƙe da shi. Majalisa ba ta kafa shi a matsayin doka ba, ƙa'idojin hukumar ne, sai dai suna da tsauri.

Kowa na iya gabatar da suna. Amma sai mutumin ya cika shekara 20 da rasuwa, don zumuɗin makoki ya lafa a auna aikinsa da idon basira. Kwamitin masana ne ke tacewa, kuma sunan da suka ƙi sai ya jira shekara 10 kafin a sake kawo shi. Mutum ɗaya allo ɗaya, gini ɗaya ba ya wuce biyu. Mai gidan ma sai ya amince, kuma allon ba ya ba ginin wata kariya daga rushewa.

Sharaɗin da ya fi ciwo shi ne na gini. Dole gidan da mutumin ya zauna ko ya yi aiki ya kasance yana tsaye, a kamannin da shi kansa zai gane, kuma ana hango shi daga titi. Fili ba ya wadatarwa. Majami'u, makarantu da gidajen wasan kwaikwayo ma galibi ba a sa su a lissafi, saboda mutanen da suka ratsa su sun yi yawa.

To ina wannan ya bar Billy Waters? Baƙar fata ne da ya yi aikin jirgin ruwan yaƙin Ingila, ya rasa ƙafa ɗaya, ya koma goga goge irin na Turawa yana rawa da ƙafar katako a bakin gidan wasa na Adelphi. Ya yi suna har aka sa shi cikin wasan kwaikwayo a 1821, maginan tukwane na Staffordshire suka riƙa ƙera siffarsa suna sayarwa. Wasu suka ci riba, shi kuwa ya mutu a 1823 a gidan gajiyayyu na St Giles. Unguwar talakawan da ya zauna, an rushe babban ɓangarenta a shekarun 1840 don a shimfiɗa titin New Oxford. Haka Joseph Johnson, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ke rera waƙa a tituna da samfurin jirgin ruwa a kansa. Ofishinsu titi ne, makwancinsu ɗakin haya a lungun da aka fara share wa idan gari zai yi kwalliya.

A ganina ƙa'idar ba don ƙeta aka yi ta ba. Allon farko na 1867, na mawallafin waƙa Lord Byron, ya tafi tare da gidan da aka rushe, saboda haka hukumar na da hujja. Amma ma'aunin da ya dogara da bango ya fi yi wa masu gidan kansu daidai. Sai a 1975 baƙar fata na farko ya samu, mai tsara kiɗa Samuel Coleridge-Taylor. Ira Aldridge, ɗan wasan kwaikwayo, ya samu a 2007, Bob Marley a 2019. Dukansu akwai adireshin da za a nuna.

Mafita ita ce English Heritage ba ta mallaki shuɗin launi ba. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi na iya manna nasu allon bisa nasu sharuɗɗa, muddin mai gini ya yarda kuma an nemi izini idan ginin na tarihi ne. Ta wannan ƙofa ƙungiyar Nubian Jak ta shigo a 2006, tana karrama baƙaƙen fata, ta fara da allon Marley shekara 13 kafin na hukuma.