Lakwal ta gwamnati ce ko ta unguwa? Amsar tambayoyin da iyaye ke ta yi mini kan COGES

Tun da aka koma lakwal a watan Oktoba mutane ke ta tare ni, a fada, a bakin masallaci, wasu kuma ta WhatsApp, don an san na taɓa riƙe ma'ajin kwamitin lakwal ɗin unguwarmu a nan Damagaram. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda.

Wai shi COGES ɗin nan mene ne, ba shi ne ƙungiyar iyayen yara ba?

A'a, ba ɗaya ba ne amma gida guda suke. Ƙungiyar iyaye ita ce APE, ta uwaye mata kuma AME. Shi COGES kwamiti ne da ya haɗa wakilan iyayen da direkta da wakilin malamai, shugaban daga cikin iyaye yake fitowa, direkta kuma shi ke riƙe da rubutu. A takardun hukuma an canza masa suna zuwa CGDES amma wallahi har yau ban ji mai cewa haka a unguwa ba, kowa kojes yake cewa. Tsarin ya yi ƙarfi ne da wani shiri na hukumar JICA ta ƙasar Japan da aka fara a jihar Tawa a 2004, daga nan ya zo jiharmu, a 2007 aka baza shi Nijar duka. Kwamitocin kowace komin kuma suna da tarayyarsu inda suke haɗuwa.

To wa ya zaɓe su? Mu dai gani muka yi an ce wane ne shugaba.

Nan ne ake fara ɓata abin. Yadda aka tsara shi, taron jama'a ake kira a jefa ƙuri'a a asirce, kuma ba don ado aka sa haka ba. Ka san halinmu, in aka ce a ɗaga hannu, Alhaji mai shago yana zaune ko ƙanen mai unguwa, wa zai ɗaga hannu ya ce ba ya so? Kunya ba za ta bari ba, sai a naɗa babban mutum wanda ƴaƴansa ma suna lakwal mai zaman kanta, shekara ta zagayo bai taka harabar ba. Amma in kowa ya shiga bayan zana shi kaɗai ya jefa, sai ka ga an fito da wata mai tuyar ƙosai da ke da yara huɗu a lakwal ɗin kuma kowa ya san ba ta cin amana. In a lakwal ɗinku naɗi aka yi, kuna da bakin cewa a kira taro a sake. Ba rashin kunya ba ne.

Me ya sa ba a neman mu sai in kuɗi ake so?

Wata Hajiya ce ta yi mini wannan, da zafi kuwa, kuma gaskiyarta. Yawancin rigimar lakwal da unguwa daga nan take tasowa. Abin da ya kamata, farkon shekara a zauna da kowa a faɗi matsalolin lakwal ɗaya bayan ɗaya, aji nawa ne babu rufi, yara nawa ke zaune a ƙasa, ruwan sha fa (mu ƴan Damagaram ba sai an yi mana bayanin wahalar ruwa ba), sannan jama'a su zaɓi wanda za a fara da shi, a rubuta, a ce zai ci kaza. Tsakiyar shekara a dawo a ce ga inda aka kai, ƙarshe kuma a karanta lissafi a gaban kowa. In an yi haka kuɗin da aka nema ba zai zo wa mutum kamar haraji ba tunda da bakinsa aka yanke. Kuma ba dole sai kuɗi ba, wani kara zai kawo, wani yana da amalanke ya ɗebo yashi, magini ya ba da yini guda.

Ni kaina na yi kuskure shekarata ta farko. Na tashi na karanta lissafi da faransanci, faran kaza faran kaza, ina jin kaina na yi aiki, ashe rabin mutanen ba su bi ni ba, don mu da dala muke lissafi. Na ce an karɓi 500 kan kowane yaro, wata tsohuwa ta ce ita dai dala ɗari ta bayar, ina aka samo ɗari biyar? Kuɗin ɗaya ne, amma kafin in warware zancen har an fara ƙus-ƙus cewa an ci wani abu, sai da na bi gida gida. Tun daga ranar dala da jika nake faɗa, kuma ina rubuta shi da alli a allo ya kwana biyu kowa ya gani. Hajiya, in an kira ki taron kuɗi ki je, amma ki fara da tambayar ina lissafin bara.

Sau da yawa sai an gama taro muke jin labari. Laifin wa ne?

Galibi na lakwal ne, ba zan ɓoye ba. Direkta ya rubuta ƴar takarda da faransanci ya ba yaron CP, ɗan aji biyu, takardar ta ƙare a aljihun wando ko an ƙunshe gyaɗa da ita, ko da ta isa gida ma wa zai karanta? Sannan a sa taro ƙarfe tara na safe ranar aiki, maza suna kasuwa mata suna kan girki, mutum goma su zo a ce iyaye ba su damu da karatu ba. A karkara kuma, su Mirya da Magarya da Matamaye, a sa taro ranar kasuwar garin ko lokacin girbi, ai an san ba mai zuwa.

Hanyoyin da ke aiki sanannu ne. Mai unguwa ya sa a yi shela, liman ya faɗa bayan sallar magariba, uwayen AME su kai zancen gidajen biki da suna, don akwai matan da ba su fita sai an bi su har ɗaki. Babban abu irin ranar rubuta sababbin yara a CI, wato aji ɗaya, a kai shi rediyo, su Anfani da Shukura ana sauraron su har ƙauye. Gurup ɗin WhatsApp ma yana taimako amma a riƙa tura murya, ba dogon rubutu ba, kuma a tuna ba kowa ke da babbar waya ba. Harshe kuwa ban ga dalilin wahalar da kai ba, a garin nan aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973, a 2025 kuma aka sa Hausa harshen ƙasa, to don me za a tara iyaye a yi musu faransanci?

Mushen ɗana, wato malamin ajinsu, ba ya zuwa sosai. Kwamiti zai iya korar sa?

Ba zai iya ba. Kwamiti ba shi ya ɗauke shi ba, ba shi ke biyan sa ba. Hanyar ita ce a fara da direkta, in abin bai gyaru ba kwamiti ya rubuta wa inspekta mai kula da lakwal ɗin yankin, sama da shi akwai ofishin ilimi na jiha. A rubuta ranakun da bai zo ba, a sa hannun shugaba, ya fi mutum ɗaya ya je yana faɗa a ƙofar aji gaban yara. Kafin nan dai a tambayi dalili, da yawansu malaman kontaragi ne, albashin kaɗan, wani lokaci ya makara, wani an turo shi ƙauyen da ba shi da ko ɗakin kwana.

Akwai wani bincike da aka yi a nan, lakwal 1000 a jihohin Tawa da Damagaram, aka ba kwamitocin 500 daga ciki kuɗi a hannu a shekarar karatu ta 2007-2008. Iyaye sun ƙara shiga harkar lakwal, ƙananan yara sun rage barin karatu, amma sakamakon jarrabawa bai motsa ba, fashin malamai ma ɗan ƙaruwa ya yi. Ni yadda na fahimce shi, iyaye za su iya gini su kawo yara su tsare ƙofa, amma wanda bai yi boko ba da wuya ya tsaya gaban mushe ya ce koyarwarka ba ta yi ba. Wannan aikin inspekta ne, kuma duk mai ce muku kojes zai maye gurbinsa yana sauke nauyinsa ne a kanku.

Azuzuwan zana fa? Tsoro muke ji.

Dole a ji tsoro. A watan Afrilu na 2021 wuta ta kama irin waɗannan azuzuwa a Yamai yara wajen 20 suka rasu, a Nuwamba na shekarar kuma Maraɗi ta yi rashin sama da 20, Allah ya jiƙan su. Ginin aji na siminti nauyin gwamnati ne da meri, wato ofishin magajin gari, kada kwamiti ya daina bin su da takarda. Amma kafin ginin ya zo akwai abin da ke hannun unguwa: a ba da tazara tsakanin rumfa da rumfa, a yi ƙofa biyu, ƴan ƙanana a sa su a ajin gini manya su zauna na zana, masu tuya da masu shayi a roƙe su su ja da wutarsu nesa da danga, lokacin hunturu da iska musamman.

Ni ba ni da yaro a lakwal ɗin, kuma ban yi boko ba. Ina ruwana?

Baba, taron na duk unguwa ne, ba a tambayar takardar shaida a ƙofa. Gidanka yana jikin katangar lakwal, kai ne ka san masu tsallakawa da dare su kwashe teburori, kai ne ka san yarinyar da aka daina gani da safe tun kafin madam ta lura. A lakwal ɗinmu wani dattijo irinka ne ya riƙe makullin famfo shekara biyu, yana buɗewa ƙarfe goma in an fito shan iska ya rufe in an koma aji, daga nan kuɗin ruwa ya daina fin ƙarfinmu.