Sunan Campbell Ba Kyakkyawan Fili Yake Nufi Ba

An daɗe ana cewa sunan Campbell, na wata babbar zuriya a yankin Argyll na Sikotland, daga Latin ya fito, "de Campo Bello", wato kyakkyawan fili, wai kuma kakansu baƙo ne daga Normandi, wani yanki na arewacin Faransa. Ba haka ba ne. Sunan Gelik ne tsantsa, harshen mutanen tsaunukan ƙasar: "cam" karkatacce, "beul" baki. Laƙabin wani mai karkataccen baki ne ya bi jikoki. A takardun masarauta na 1263 ma Cambel aka rubuta, harafin p daga baya ya shigo. Ni kam laƙabin ya fi ratsa ni, domin kamannin mutum ne ke cikinsa. Cameron, sunan wata zuriyar ta Sikotland, ma haka yake: karkataccen hanci.