Darasin kyauta a intanet: wa ke da ikon taɓa shi?

A watan Nuwamban 2019, babban taron UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, karo na 40 da aka yi a birnin Paris ya amince da wata shawara kan buɗaɗɗun kayan koyo da koyarwa. Ba doka ba ce mai hukunci. Ƙasashe ne suka yarda za su shigar da ita cikin manufofinsu na ilimi, su riƙa kawo rahoton inda aka kwana. Abin da ya fi shafar malami da ɗalibi shi ne sharaɗin da ta gindaya.

Kafin a kira littafi ko bidiyo buɗaɗɗe, sai dai ya zama babu haƙƙin mallakar kowa a kansa, ko kuma mai shi ya sake shi da lasisin da ya yarje wa kowa ya samu ba biya, ya yi aiki da shi, ya gyara, ya sake rabawa. Gyaran nan ne ake yawan mantawa da shi. Coursera da edX, shafukan karatu na intanet waɗanda aka kafa a 2012, suna barin mutum ya kalli wasu darussa kyauta, amma yawancin bidiyoyin na jami'ar ne ko na malamin. Wanda ya sauke ɗaya ya fassara ya raba wa ɗalibansa ba izini, ya taka haƙƙin wani, kome kyawun niyyarsa.

Saboda haka a duba alamar lasisi, wadda galibi ta Creative Commons ce, wato ƙungiyar da ta tsara irin waɗannan lasisi. BY na nufin a ambaci sunan mai aikin. SA ta ce in ka gyara, ka saki naka da irin wannan lasisin. NC ta hana kasuwanci da shi. ND kuwa ta hana raba wanda aka sauya, fassara ma na ciki, shi ya sa masu wannan harka da yawa ba sa lissafa ta cikin buɗaɗɗu. Darussan da jami'ar MIT ke sakewa a shafinta na OpenCourseWare suna ɗauke da BY da NC da SA.

To, inganci fa? A ganina nan ne shawarar ta fi sanyi. Ta nemi ƙasashe su kafa hanyoyin tantance kayan, amma ba ta tsayar da ma'auni ɗaya ba, kuma lasisi ba ya shaidar cewa abin da ke cikin darasi daidai ne. Takardar shaidar kammala darasi ma, shawarar ba ta wajabta wa kowa karɓarta ba; wannan na hannun jami'o'i da hukumomin kowace ƙasa. Indiya ta yi nata tsarin: a 2016 hukumar kula da jami'o'inta ta ba su damar lissafa wa ɗalibi darussan SWAYAM, dandalin karatu na intanet na ƙasar, har kashi 20 cikin 100 na karatun zango, a 2021 ta ɗaga zuwa kashi 40.