Tsadar man fetur a Gombe: wa ke cin ribar, wa za a tuhuma?

Da ka hau bayan ɗan acaɓa daga Tashar Dukku zuwa Pantami, kafin ku kai zancen mai ya taso. Haka a majalisar mai shayi, haka a Tudun Hatsi inda masu dako da masu awo ke lissafin kuɗin mota. Kowa ransa a ɓace yake, kuma da gaskiyarsa. Sai dai fushin ya rasa inda zai sauka: wani ya tsine wa gwamnati, wani ya tsine wa mai gidan mai, wani ya haɗa su duka. Ga tambayoyin da na fi ji, da amsar da nake da ita a kansu.

Yaushe abin ya fara, kuma me ya jawo shi?

Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabinsa na rantsuwar kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin ranar ana sayen lita ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati. Cikin kwana biyu kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya fitar da sabon farashi da ya haura naira 500 a yawancin Arewa. A watan Yuli ya kai 617 a Abuja, a Satumba 2024 ya kusa 900, a Oktoba ya tsallake 1,000.

Amma cire tallafin rabin labarin ne. A watan Yuni 2023 Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. A lokacin kusan duk fetur ɗin da muke sha daga waje ake shigo da shi, da dala ake biya. Duka biyu aka yi wa talaka a wata guda, kafin ya dafe wannan ciwon an ƙara masa wancan.

To me ya sa mu a Gombe muke saye da tsada fiye da mutanen Legas?

Saboda nisa, da kuma abin da aka bari ya lalace. A nan Gombe akwai defo na NNPC, kuma an shimfiɗa bututu tun daga Kaduna ta Jos domin mai ya riƙa zuwa mana ta ƙarƙashin ƙasa har ya wuce Maiduguri. Matatar Kaduna ta shekara da shekaru ba ta tace komai ba, bututun ma ba ya aiki. Don haka duk litar da ka zuba a babur ɗinka tanka ce ta ɗauko ta daga Kudu, tafiyar sama da kilomita dubu, tana shan man gas mai tsada, ga ramuka, ga shingaye a hanya.

Da can akwai asusun daidaita farashi da ke biyan dillalai kuɗin dakon nan, domin mutumin Nafaɗa da mutumin Ikeja su sayi lita kusan kuɗi ɗaya. Da aka sakar wa kasuwa farashi, kuɗin dakon ya dawo kan mai saye. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne Kolmani. A watan Nuwamba 2022 Shugaba Buhari ya zo da kansa ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a kan iyakar Bauchi da Gombe, aka yi ta murna, amma har yau ba mu ga lita ɗaya daga can a famfon gidan mai ba.

Ashe ke nan masu gidajen mai ba su da laifi?

Suna da shi, kuma nan ne nake so mu tsaya mu bambance. Mai gidan mai ba shi ya karya naira ba, ba shi ya kashe matatar Kaduna ba. Da yawansu ma jarinsu ya karye, domin tankar da suke saye da miliyoyi kaɗan yanzu sai da miliyoyi masu yawa, shi ya sa za ka ga gidajen mai a rufe ciyawa ta cinye su a hanyar Bauchi. Amma akwai abubuwan da babu wanda zai dora wa dala.

Akwai ɓoye mai. Na gani da idona a wani gidan mai da ba zan ambaci sunansa ba. Da yamma tanka ta sauke kaya, muna tsaye muna kallo. Da aka ji raɗe-raɗin za a ƙara farashi, sai aka ja ƙofa aka ce mai ya ƙare. Wani dattijo da ya turo babur ɗinsa tun daga nesa, da jarka ɗaure a baya don injin ban-ruwansa, ya ce wa yaron da ke famfo: "Yaro, ka ji tsoron Allah, ko lita biyu ce ka taimaka min." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, wallahi umarnin maigida ne." Bayan isha'i sai ga 'yan bumburutu suna fitowa ta ƙofar baya da jarkoki cike. Washegari aka buɗe da sabon farashi, a kan man da aka saya da tsohon kuɗi.

Akwai kuma taɓa lita, ka biya kuɗin goma a zuba maka tara. Sannan akwai abin da kowa ya lura da shi: idan an ƙara farashi a defo, kafin azahar ya hau a famfo, amma idan an rage sai a ce maka ai tsohon kaya ne, a jira ya ƙare. A 2025 matatar Dangote ta rage farashinta sau da dama, kuma mun ga yadda ragin ke jan ƙafa kafin ya iso mana. Wannan ita ce ƙazamar riba.

Me addini ya ce a kan haka?

Malamanmu sun sha faɗa a mumbari. A Sahih Muslim an ruwaito cewa babu mai ɓoye kaya don ya yi tsada sai mai laifi, kuma Suratul Muɗaffifina ta buɗe ne da azaba ga masu tauye mudu. Famfon gidan mai mudu ne, ba shi da wani bambanci da kwanon awo na kasuwar hatsi.

Akwai hukumar da za a kai wa ƙara?

Akwai. Dokar harkar mai ta 2021 ta kafa hukumar NMDPRA mai sa ido kan dako da sayar da mai, wadda ta gaji wani ɓangare na aikin tsohuwar hukumar albarkatun mai ta DPR, kuma tana da ikon auna famfo da rufe gidan man da aka kama da ha'inci ko ɓoye kaya. Akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Ba sa yanke farashi yanzu, amma tauye lita da haɗa baki a tsawwala laifi ne a ƙarƙashinsu. Idan kana zargi, sayi mai a jarkar da ka san awonta a gaban shaidu, ka karɓi rasit.

Ina kuɗin da aka ce za a tara in an cire tallafin?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta fi kowacce ƙarfi, amma ita ake tsallakewa. Tun bayan cire tallafin, kason da ake raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi duk wata ya ƙaru ƙwarai. A Agusta 2023 an sanar da tallafin naira biliyan 5 ga kowace jiha. A Yuli 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda a lokacin da lita ta haura dubu bai kai kuɗin lita 70 ba. Manomin rani a Dadin Kowa kuwa ba shi da albashin da za a ƙara masa, injinsa fetur yake sha, kuma tsadar tana biyo tumatir da shinkafa har cikin tukunyar kowa. Don haka ba Abuja kaɗai ake bin bayani ba. Gwamna Inuwa Yahaya a Gombe da Gwamna Bala Mohammed a Bauchi, da shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu, kowa ya kamata ya fito ya faɗa mana nawa ya ƙaru a hannunsa, kuma ina ya shiga: motocin haya masu sauƙi nawa, famfon sola nawa ga manoman rani.

Zanga-zanga tana rage farashi?

Ta taɓa yi. A Janairu 2012 gwamnatin Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik da yajin aiki, aka dawo da ita 97. A wancan karon ƙungiyoyin ƙwadago ne a gaba, da buƙata guda da kowa ya sani. Ta Agusta 2024 ba ta zo da haka ba. An rasa rayuka, an fasa shaguna, an sa dokar hana fita a jihohin Arewa da dama, daga baya muka ga yara ƙanana da aka kama a zanga-zangar suna faɗuwa a kotu a Abuja saboda galabaita. Wata guda bayan zanga-zangar, aka sake ƙara kuɗin mai.