Ruwan namun daji a inda babu wuta babu ruwan famfo: amsar tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Ina kula da wani wuri a arewacin Dakoro, a jihar Maradi ta Nijar: rijiya ɗaya, ɗaki biyu, tanki da farantan sola. Tun da aka ji muna ajiye wa namun daji ruwa, tambaya iri ɗaya ake ta aiko mini. Ga amsa nan, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Batir nawa zan saya?

In don ruwa ne, ko ɗaya. Famfon sola ya ja ruwa daga rijiya da rana ya zuba a tanki, tanki ya bayar da dare. Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 45, kuma batir ba ya jimre masa. Kuɗin batir ka ƙara a sayi babban tanki.

Famfona ya rage ƙarfi, ya lalace ne?

Je ka goge farantan tukuna. Ƙurar hunturu ce. Tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi. In ka goge bai dawo ba, duba wayar wutar, ɓera da gara ba sa barin ta.

Zan yi tafiyar wata biyu a bazara, in kashe famfon in na dawo in kunna?

Wannan tambayar ce ke ɓata mini rai. Kai ka koya wa zabin daji da kurciya da zomo cewa a nan ruwa yake, sun saba, wasu har sun yi sheƙa kusa. Sai lokacin da duk tabkunan yankin suka ƙafe za ka rufe ka tafi? In ba ka da wanda zai riƙa leƙawa, kada ma ka fara. Wanda bai taɓa ba su ruwa ba bai cuce su ba. Wanda ya fara ya yanke a tsakiyar bazara shi ya cuce su.

Wane irin kwami zan gina?

Na siminti, daidai da ƙasa, marar zurfi, gefe ɗaya ya gangara a hankali. A sa masa bawul mai ƙwallo irin na tankin bayan gida, ruwa na raguwa yana cikowa da kansa. Kada ka yi shi da faɗi don burgewa: a ranar zafi mai iska ruwan da ke buɗe yana iya yin ƙasa da kusan santimita ɗaya ba tare da kowa ya sha ba. Kuma ka jera duwatsu daga cikin ruwan zuwa baki. Rabin ganga mai santsi tarko ce. Bushiya za ta faɗa, ta yi ta zagaye tana karce ƙarfen har ta gaji, da safe ka tarar da ita tana yawo a saman ruwa, ruwan kuma ya ɓaci. Ƙudan zuma ma a kan duwatsun nan suke sauka.

Makiyaya suna kawo dabbobinsu suna shanye ruwan. In hana su?

To, a nan sai a bi a hankali, domin amsar ta danganta da inda kake. Tun 1961 dokar Nijar ta shata iyakar noma daga arewa, abin da ke bayan iyakar yankin kiwo ne, kuma dokar kiwo ta 2010 ba ta yarda mutum ya killace ƙasa a can ya ce tasa ce shi kaɗai ba. Mai rijiya yana da fifiko a kan ruwanta, amma fifiko ba ikon korar kowa ba ne. Ko babu doka ma, Bafulatani ko Ba'abzine da ya yi wuni yana tafe da garke ya riga ka sanin dajin nan, kuma ba a hana mai ƙishirwa ruwa a ba tsuntsu.

Sai dai lissafi ma gaskiya ne. Raƙumi ɗaya mai ƙishirwa yana iya shan fiye da lita 100 a tsayuwa ɗaya. Garke guda ya isa ya ƙarar da abin da namun daji za su yi makonni suna sha, ya tattake ciyawar kewaye, kuma inda karnuka da hayaniya suke barewa ba ta matsowa. Akwai kuma batun cuta da ke iya ratsawa tsakanin dabbar gida da ta daji in baki ɗaya suke sha.

Abin da na ga yana aiki, kuma ban ce zai yi wa kowa ba, shi ne a raba wurin sha biyu. Babban kwami a bakin rijiya don garke, a yi magana da ardo ko mai gari a kan lokacin shayarwa. Ƙaramin kuma a ja masa bututu a binne, a kai shi nesa, bayan tudu ko cikin ƙirare, a zagaye shi da shinge mai ƙofa daga ƙasa yadda ƙananan dabbobi za su shige, saniya ba za ta iya ba. Wani lokaci yarjejeniyar takan riƙe, wani lokaci shekarar fari takan rushe ta, baƙin garke su zo waɗanda ba a yi magana da su ba. Ranar nan haƙuri za ka yi, ka buɗe musu. In rigima ta taso, a je gaban hukumar filaye ta gunduma. Wanda kuma yake kusa da gandun Gadabeji ya fara sanar da jami'an gandun daji kafin ya haƙa komai.

Na yi wata guda ban ga barewa ba. Na yi kuskure?

Kwantar da hankalinka. Barewar sahara tana samun yawancin ruwanta daga ganye, adaks, wata babbar dabbar sahara mai murɗaɗɗun ƙaho da ke yankin Termit da Tin Tumma a gabashin Nijar, ita ma tana iya daɗewa ƙwarai ba ta sha ba. Masu amfana da kwaminka su ne tsuntsaye, dila, yanyawa da zomo, kuma yawanci da dare ko asuba suke zuwa. Duba sawu a rairayi da safe.

In zuba magani don gansakuka?

A'a. Kwashe ruwan, goge da buroshi, cika sabo, duk mako.

Ruwan sama zai isa ba sai da rijiya ba?

Yi lissafi da kanka. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 a shekarar da aka samu milimita 200 zai ba ka lita 10,000, in ba ka yi asarar ko ɗigo ba, kuma za ka yi. Ya isa ƙaramin kwami in tankin a rufe yake. Bai isa garke ba.

Zan iya sa hoton wurin a Facebook?

Sa hoton tsuntsun, kada ka faɗi wurin. Mafarauta ma suna da waya, kuma sun san dabba mai ƙishirwa ba ta da wahalar dako.