Tallafin Gidauniyoyi ga Ƙungiyoyin Taimakon Al'umma a Saudiyya

Tallafin gidauniya, wanda Larabawan Saudiyya ke kira "minha", kuɗi ne da wata gidauniya ke bai wa ƙungiyar da ba ta neman riba domin ta gudanar da wani aiki ayyananne. Ba rance ba ne, ba a biya. Amma kuma ba sadakar da ake miƙawa a juya baya ba ce, domin wanda ya karɓa sai ya kawo bayanin inda kowane riyal ya shiga.

Gidauniya da ƙungiya

Dokar da aka fitar a ƙarshen 2015, ta fara aiki a 2016, ta raba biyun. Ƙungiya, wato "jam'iyya ahliyya", mutane ne aƙalla goma 'yan ƙasa suke haɗuwa su kafa don wata manufa, kamar kula da marayu, haddar Alƙur'ani ko taimakon marasa lafiya. Gidauniya kuwa, "mu'assasa ahliyya", ko mutum ɗaya yana iya kafa ta da dukiyarsa. Ƙungiya tana da ma'aikata da sanin unguwa, gidauniya tana da kuɗi. Wadda aikinta raba wa ƙungiyoyi tallafi ne ana ce mata "mu'assasa maniha".

Tushen yawancin wannan kuɗi wakafi ne. Attajiri ya tsayar da gidaje, gonaki ko hannun jari, ba a sayarwa ba a gado, ribar ce kawai ake rabawa duk shekara. Al'adar ta daɗe a Hijaz, yankin Makka da Madina: magudanar ruwan da Zubaida matar Haruna Rashid ta sa aka gina wa alhazai tun zamanin Abbasiyawa har yau da sunanta ake kiranta. A wannan zamani sanannen misali shi ne Sulaiman Al-Rajhi, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa bankin Al Rajhi, wanda ya mayar da kaso mai yawa na dukiyarsa wakafi. Gidan sarauta ma ba a bar shi a baya ba. 'Ya'yan Sarki Faisal sun kafa gidauniya da sunansa a 1976, Gidauniyar Sarki Khalid ta biyo a 2001 kuma ta yi suna wajen horar da ƙungiyoyi da ba su tallafi, sannan a 2015 Yarima Alwaleed bin Talal ya yi alkawarin sadaukar da dukiyarsa, kimanin dala biliyan 32, ga ayyukan alheri.

Yadda kuɗin ke fita

Gidauniya takan sanar da fannonin da za ta tallafa da lokacin karɓar buƙatu, kusan duka ta intanet. Abin da ake fara dubawa lasisi ne. Cibiyar ƙasa ta bunƙasa ɓangaren da ba ya neman riba, wadda aka kafa a 2019, ita ce ke yi wa ƙungiyoyi rajista da sa musu ido, tana kuma auna abin da ake kira "haukama", wato tsarin shugabanci da tsabtar lissafi. Ƙungiyar da makinta ya yi ƙasa a nan tana shan wuya kafin ta samu mai ba ta.

Sai takardar aikin kanta: wace matsala ce, mutum nawa za su amfana, nawa za a kashe, cikin wata nawa. Ma'aikatan gidauniya su tantance, kwamiti ya amince, a sa hannu a yarjejeniya. Ba kasafai ake zuba kuɗin gaba ɗaya ba. Ana ba da shi kashi-kashi ta asusun bankin ƙungiyar, kashi na gaba ba ya fita sai an kawo rahoto da rasitan na baya.

Akwai wani rabe-rabe da ke da nauyi a ƙasar Musulmi. Kuɗin zakka yana da mutane iri takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, don haka ƙungiyoyi kan ware masa asusu daban da na sadaka. Wakafi kuma sharaɗin mai shi ake bi. Idan ya ce marayu, ba a juya shi zuwa gina rijiya. Wannan yana kare amana, sai dai yana da illa: masu bayarwa sun fi son abin da ido ke gani, kwandon abincin azumi ko ginin masallaci, albashin akawu da kuɗin hayar ofis kuwa ba su da masoyi, alhali su ne ke riƙe ƙungiya.

Tsaurin bai zo haka kawai ba. Bayan hare-haren 2001 a Amurka da na Riyad a 2003, hukuma ta hana akwatunan tara kuɗi a masallatai, ta rusa gidauniyar Al-Haramain a 2004, ta taƙaita aika gudummawa ƙetare. Tun 2015 agajin da ake kai wa ƙasashen waje yana bi ta Cibiyar Sarki Salman ta agaji da jinƙai. A cikin gida kuma an buɗe dandalin Ehsan a 2021, inda mutum ke ba da sadaka ta wayarsa ga ayyukan ƙungiyoyi masu lasisi. Shirin gwamnati na Hangen 2030 na son kason ɓangaren da ba ya neman riba a tattalin arziki ya tashi daga ƙasa da kashi 1 zuwa kashi 5 cikin ɗari.

Hausawan Hijaz

Hausawa sun daɗe a Makka, Madina da Jidda, zuriyar alhazan da suka keto ta Sudan suka zauna, kuma sunan dangi Hausawi sananne ne a ƙasar. Tsarin tallafi bai shafe su iri ɗaya ba. Bahaushe ɗan ƙasa yana da damar kafa ƙungiya, ya shugabance ta, ya nemi minha kamar kowa. Mai zama da igama, wato takardar izinin zaman baƙo, ba ya cikin masu kafawa, kuma ƙungiyoyi da dama sun keɓe taimakonsu na dindindin ga 'yan ƙasa, ko da yake buɗa-baki, rabon ruwa ga alhazai da makarantun hadda ba sa tambayar asali sosai. Wanda ba shi da takarda ko kaɗan, taimakonsa ya fi zuwa daga dangi, adashi da gudummawar biki da rasuwa. Tara kuɗi daga jama'a ba tare da izini ba kuwa, laifi ne a dokar ƙasar, ko da ta WhatsApp ne, ko da don jinyar maƙwabci ne.